Kafin mu kama hanyar Anka zuwa Gummi da allon sulu, sai mun zuba siminti

Na tabbata kai ma ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko Instagram, ka tsaya ka ƙona datarka a kansa. Samari shida ko bakwai sun cika wata tsohuwar bas, sun loda alluna masu taya a but, sun kama hanya. Yau suna wannan gari, gobe suna wancan. Duk garin da suka shiga, kafin su nemi masauki sai sun tambayi inda filin wasan yake: wani dandamali na siminti mai gangara da tudu da ƙarafuna, wanda aka gina musamman don wannan wasa. Su sauka, yaran garin su tarbe su, a yi ta sulu ana tsalle ana faɗuwa ana dariya har rana ta faɗi, a ci abinci tare, a kwana a gidan wanda jiya ba a san shi ba. Turawa na ce wa wasan siketin, amma kar ka ɗauka siket ɗin mata ake nufi. Mu kira shi allon sulu, don duk wanda ya taɓa zama a kan fasasshiyar jarka ya gangaro daga tudu ya san mene ne sulu.

Hutun da ya wuce ina gida Anka, ƙanena ɗan shekara 14 ya miƙo min waya da irin wannan bidiyo, ya ce, "Yaya, mu mi ya hana mu yin haka?" Dariya na yi na kashe zancen. Amma tun da na koma makaranta tambayar ke bina, har cikin aji. Yau ita nake son mu amsa tare, ni da kai.

Ka ɗauka mun shirya irin wannan tafiya. Mun taso daga Gusau, mun bi hanyar Sakkwato har mahadar Mayanchi, mun karya zuwa Anka. Daga nan mu ratsa Bukkuyum, mu fito mu bi ta Daki Takwas mu sauka Gummi. A taswira abin gwanin sha'awa. To amma kai da ni mun san yadda ake tafiya a wannan yanki yanzu. Kafin ka fita sai ka kira mutum biyu ko uku ka tambaya ko hanya ta yi kyau. Ba ka sammako, ba ka kuma yarda la'asar sakaliya ta same ka a daji. Ba kowa kake gaya wa ranar tafiyarka ba. Mahaifiyarka kuwa ba ta ajiye waya sai ka ce mata ka sauka. Kuma a ce Allah ya kai mu lafiya, mun sauke allunanmu a Anka, ina za mu hau su? A bakin tasha? A harabar sakatariya, maigadi ya biyo mu da sanda?

Ka ga ke nan abu biyu waɗancan samari suke da shi wanda mu ba mu da shi: hanyar da za a bi ba fargaba, da filin da za a sauka a yi wasa. Maganar hanya ta fi ƙarfina ta fi ƙarfinka. Nauyi ne a wuyan gwamnatin tarayya da ta jiha, kuma ba za mu gaji da tuna musu ba. Fili kuwa, wallahi bai fi ƙarfinmu ba. Matsayin wannan shafi shi ne matasan Anka da Bukkuyum da Gummi su tashi su nemi dandamalin wasa ɗaya a kowane gari, yanzu, ba sai ranar da aka ce tsaro ya dawo ba.

Na san abin da wani zai faɗa, don ni ma na faɗa wa kaina. Ana kashe mutane, ana kwashe su a kai daji, kai kana maganar katako mai taya? Wannan magana tana da nauyi, ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai kusan 200. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, muka yi makonni ba mu san halin da 'yan'uwanmu ke ciki ba. A Agustan 2024 ambaliya ta ci gidaje a Gummi, wata guda bayan haka jirgin ruwa ya kife da manoma a kusa da garin, aka rasa rayuka da dama. Garin Anka ya cika da waɗanda aka koro daga ƙauyukansu. Duk wanda ya taso a nan ba sai an karanta masa wannan ba.

Amma ka tsaya ka yi lissafi. Yaron da aka haifa a 2011, lokacin da wannan masifa ta fara tsananta, ya girma bai taɓa sanin Zamfara ba tare da ita ba. Idan muka ce yara su dakata da wasa sai an gama da 'yan bindiga, to mun ce wa tsara guda sukutum su ajiye ƙuruciyarsu, kuma ƙuruciya ba ta jira. Yaron da ba shi da wurin zuwa bayan an tashi makaranta, akwai masu jiransa. Akwai mai sayar da ƙwaya a lungu. Akwai ramin haƙar zinari. Akwai ɗan siyasar da ke neman masu riƙe masa gora. Akwai kuma wanda ke neman yaron da zai riƙa kai masa labarin gari a kan 'yan kuɗi kaɗan. Duk waɗannan ba su ce sai tsaro ya dawo za su fara aiki ba. Me ya sa mu kaɗai za mu jira?

Akwai wani dalili da ya shafe mu fiye da kowa a ƙasar nan. A 2010 duniya ta ji labarin gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, 'Yargalma, da Bagega. Yara sama da 400 suka rasu. Ta ina gubar ta shige su? Ta ƙurar dutsen zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje, wadda ta gauraye da ƙasar da suke rarrafe da wasa a kai. Yaro ya taɓa ƙasa, ya kai hannu baki, shi ke nan. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje da tsakar gari aka zuba sabuwa kafin likitocin MSF su iya ba yaran magani ya yi amfani. Don haka a wurinmu, tambayar a kan wace ƙasa yaro yake wasa tambaya ce ta rai da mutuwa. Mun riga mun biya kuɗin wannan darasi da tsada.

Kuma a cikin labarin Bagega akwai abin da ya kamata duk mai riƙe da waya ya sani. Lokacin da kuɗin tsaftace garin suka maƙale, matasa ne irin su Hamzat Lawal na Follow The Money suka ɗauki maganar a soshiyal midiya da kamfen ɗin SaveBagega, suka haɗa ƙarfi da ƙungiyoyin ciki da waje, har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin a farkon 2013 aka yi aikin. Wayar da ke hannunka yau ta fi wadda suka yi amfani da ita a lokacin.

To me ya sa allon sulu, ba ƙwallo ba? Ba na rigima da ƙwallo, ni ma ɗan kallon Firimiya ne. Amma ƙwallo na son mutum 22 da fili babba, kuma wanda bai iya ba benci zai yi ta ɗumamawa. Allon sulu mutum ɗaya ma ya isa, babu benci, babu alƙalin wasa, babu wanda zai ce ka yi ƙanƙanta. Shi allon kansa ba wani abin mamaki ba ne: siraran katako bakwai aka manne wuri ɗaya, samansa da kaushi kamar samfefa don kada ƙafa ta zame, ƙasansa ƙarfe biyu da taya huɗu, kowace taya da boris biyu a ciki. Duk wanda ya taɓa haɗa motar boris yana yaro, ya tura abokinsa a kai har gwiwa ta goge, ya riga ya san rabin abin. Matsalarsa ɗaya: tayar ƙarama ce, tsakuwa ɗaya sai ta tsayar da ita cak ta wurgar da kai. Shi ya sa ba ya yiwuwa a kan turɓaya. Sai daɓe mai santsi.

Rashin wannan daɓe ne ke tura masu takalmin taya kan kwalta. Ka gan su a Kano da Abuja, wani ya kama bayan adaidaita-sahu, wani ya maƙale a jikin tirela, abokinsa na ɗaukar bidiyo. Mu kuma mu danna layik mu wuce. Gaskiya ɗaya ce, wannan ganganci ne, kuma duk layik ɗin da ka ba shi ka ƙara zuga wani yaro ya gwada. Sai dai zagi kaɗai ba zai sauko da su daga titi ba. Ka ba su wuri, sannan ka samu bakin hana su.

Kar ka ɗauka wannan wasan 'ya'yan masu kuɗi ne na Amurka kawai. Gaskiya ne a Kalifoniya ya samo asali a shekarun 1950, amma dubi inda ya kai. A unguwar Kitintale ta birnin Kampala a Yuganda, unguwar talakawa ce sosai, wani matashi Jackson Mubiru da abokansa suka gina filinsu da hannunsu a tsakiyar shekarun 2000, da bulo da siminti, ba tare da jiran gwamnati ba. A Adis Ababa, yaran da suka fara a wurin ajiye motoci sun kafa Ethiopia Skate, a 2016 suka samu filinsu tare da taimakon 'yan sa-kai. A Akara ta Gana an buɗe Freedom Skatepark a Disambar 2021. Nan gida Najeriya, samarin Legas sun yi shekaru suna wasa a harabar babban filin wasa na Surulere da gefen tituna kafin 'yan Wafflesncream su buɗe fili a Freedom Park a 2024. Legas fa, da duk kuɗinta. A duk waɗannan wurare yaran ne suka fara, masu kuɗi da masu taimako suka biyo baya.

Misalin da ya fi kama da namu shi ne na Kabul. A 2007 wani ɗan Ostireliya, Oliver Percovich, ya shiga birnin da allunansa, yaran titi suka yi ta binsa suna son gwadawa. Daga nan aka kafa Skateistan, a 2009 suka buɗe makarantar da ake haɗa wasa da karatu, 'yan mata da yawa suka shiga. Fim ɗin da aka yi a kan 'yan matan ya ci kyautar Oscar a 2020. Ba zan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba: a Satumban 2012 harin ƙunar baƙin wake ya kashe wasu daga cikin yaran makarantar, kuma allon sulu bai tsayar da yaƙin Afganistan ba. Abin da ya yi shi ne ya ba dubban yara wurin zuwa da safe da yamma, da malami, da abokai, a tsakiyar yaƙin. Mu ma iyakar abin da muke nema ke nan. Duk wanda ya ce maka siminti zai kori 'yan bindiga, ƙarya yake.

Wasan kuma ya wuce matsayin shiririta. Ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021. Wadda ta ci zinare a ɓangaren mata na wasan titi, Momiji Nishiya ta Japan, shekararta 13. Wadda ta zo ta biyu, Rayssa Leal ta Burazil, ita ma 13, kuma duniya ta fara saninta ne ta wani ɗan gajeren bidiyo da aka ɗauke ta tana shekara 7. Sa'ar ƙanwarka ce.

To ta ina za a fara? Ga abin da nake gani, kai ma ka ƙara naka.

Da farko a haɗa mutane na zahiri. Guruf ɗin WhatsApp mai mutum 200 da ba wanda ke fitowa taro ba zai zuba ko kwano ɗaya na siminti ba. Mutum goma masu zuwa sun fi. A sa dattijo ɗaya da gari ke jin maganarsa, da malamin makaranta, da birkila, da mace aƙalla ɗaya. A je a gaida iyayen ƙasa a masarauta da girmamawa, a yi musu bayani da Hausar da za su gane: wurin wasan yara muke nema a cikin gari, inda ido ke kai.

Na biyu, fili ya kasance a tsakiyar jama'a, kusa da makarantar firamare ko ta sakandare, ba bayan gari ba. Kuma saboda tarihinmu, a tabbatar wurin bai taɓa zama wajen niƙa ko wanke dutsen zinari ba, a kuma san inda aka ɗebo yashi da ƙasar cikon. A nemi ma'aikatan lafiya da na muhalli su duba kafin a sa hannu.

Na uku, kar a ce sai irin na bidiyo. Daɓe shimfiɗaɗɗe mai santsi, misalin taku 25 a tsawo da 15 a faɗi, ya isa a fara. Kafinta zai haɗa gangara ta katako, mai walda ya lanƙwasa ƙarfe ɗaya. Wannan daɓen zai ɗauki masu takalmin taya, da masu ƙwallon kwando, da masu langa, har 'yan dambe su motsa jiki a kai da asuba. Abu ɗaya dai, a yi yarjejeniya tun farko kada kaka ta yi a wayi gari an shanya barkono a kai.

Na huɗu, alluna na aro. Allo na da tsada, yawancin iyayenmu ba za su saya ba, bai ma kamata a matsa musu ba. A samu ko guda goma na ƙungiya, da hular kwano da abin kare gwiwa, a riƙa bayarwa ana rubuta suna kamar littafin laburare. Ba hula, ba hawa.

Na biyar, doka. Wanda bai je makaranta ba, boko ko allo, ba zai hau ba ranar. An kira sallah, wasa ya tsaya. Mai ƙwaya ba shi da wuri. 'Yan mata su samu ranarsu da lokacinsu, da mace mai kula da su, cikin suturarsu. 'Yar'uwa, ke ma da ke nake: kar ki bari a gina wannan wuri a ce na maza ne kawai, ki shigo tun ana shawara. Idan iyaye suka ga tsari, su da kansu za su kawo yaransu.

Kuɗi fa? A nan ne wayarka za ta yi aiki. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa musu kai-tsaye. Ko hukuncin ya fara aiki yadda ya kamata ko bai fara ba, kana da haƙƙin ka tambayi shugaban ƙaramar hukumarka da kansilanka me aka ware wa matasa da wasanni. Ka tambaya da ladabi, a rubuce, ka ajiye kwafi. 'Yan majalisa na da ayyukan mazaɓa. Duk lokacin zaɓe ana raba wa matasa riguna da kuɗin mai. Wannan karon idan sun zo, a ce musu buhun siminti muke so, a sauke a fili kowa ya gani. 'Yan asalin garuruwan nan da ke Abuja da Legas da Kano da ƙasashen waje su ma a taɓa su. Sannan duk naira ɗaya da ta shigo a wallafa ta, duk wadda ta fita a nuna rasit. Mu da muke zagin manya a kan cin amana, kar a kama mu da cinye kuɗin siminti.

Sai maganar tafiyar kanta, wadda ita ce ta jawo duk wannan zance. Ina so a yi ta. Ina so in ga ranar da bas za ta taso daga Anka da yara da allunansu, Bukkuyum ta tarbe su, a kwana, a wuce Gummi a ci kifi a yi gasa. Yaran garuruwan nan uku jiha ɗaya suke, shiyya ɗaya, harshe ɗaya, amma da yawansu sun fi sanin titunan Dubai a waya fiye da kasuwar garin da ke maƙwabtaka da su, saboda tsoro ya raba mu. Irin wannan ziyara ce ke ɗinke zumunci. Amma ina roƙonka, kar zumuɗi ya ɗebe ka. Babu tafiya sai da iznin iyaye, sai da rana tsaka, sai da shawarar jami'an tsaro da direbobin da suka san hanya. Babu sanar da rana a Facebook, babu laif a kan hanya. A ɗora bidiyo bayan kowa ya koma gida. Idan aka ce hanya ba kyau, a fasa, ko da an yanka rago ana jira. Kafin lokacin ya yi, kowane gari ya ɗauki bidiyon yaransa a filinsa, a yi gasar ta waya. Ranar 21 ga Yuni ita ce ranar wannan wasa a duniya. Ba laifi mu sa ta a gaba a matsayin ranar da muke so daɓen farko ya bushe.

Shi kuwa ƙanen nawa bai jira amsata ba. Kwanan baya aka turo min hotonsa: ya samo guntun katako a wurin kafinta, ya roƙi tsofaffin boris huɗu a wurin bakanike, ya haɗa abinsa. A barandar makarantarsu yake gwadawa bayan an tashi, don nan ne kaɗai daɓe mai santsi da ya sani, shi ma rabinsa ya farfashe. An kore shi sau biyu, ya koma. Gwiwarsa duk tabo. Na san a Bukkuyum da Gummi akwai irinsa, wataƙila ma a gidanku.

Don haka wannan makon ga aikinka. Ka zaga garinku ka gano fili ɗaya da ya dace, ka ɗauki hotonsa. Ka nemi abokai uku waɗanda in sun ce za su zo suna zuwa. Ku sa kaya masu kyau ku je ku gaida kansilanku da takarda a hannu. Idan ya ce ku dawo, ku koma. Ni ma hutu mai zuwa da tawa takardar zan sauka Anka, in Allah ya yarda.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Najeriya baki ɗaya.